"Ai Bai Zubar da Jini Ba": Shaida Daga Ɗakin Masu Zazzaɓin Lassa

"Amma Malama, ai bai zubar da jini ba."

Abin da ƙanen mara lafiyar ya ce mini ke nan a ƙofar ɗakin killacewa, bayan likita ya gaya masa abin da muke zato, wato zazzaɓin Lassa. Yayansa yana kwance a kan gadon turawa, fuska ta kumbura har idanun sun shige, wuya ya yi kauri, yana jan numfashi da ƙyar. Ranar ce kwana na tara da fara zazzaɓinsa. Wannan magana na sha jin ta a bakin 'yan uwan marasa lafiya, kai har a bakin wasu abokan aiki, kuma ita ce dalilin wannan shaida. Labarin ba nawa ba ne, na wannan bawan Allah ne da mutanen gidansa. Ni dai ma'aikaciyar jinya ce da katinsa ya biyo ta hannunta tun ranar da aka kawo shi har ranar da aka sallame shi.

Sunan da aka raɗa wa wannan rukuni na cututtuka, zazzaɓi mai sa zubar jini, shi ne ke yaudarar mutane. A rukunin akwai Lassa, Ebola, Marburg, zazzaɓin Kirimiya da Kwango, shawara, da dengi mai tsanani. Duk ƙwayoyin bairos ne ke kawo su, amma ba dangi ɗaya ba ne, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ke farawa da jini. A Lassa, ko cikin waɗanda ciwon ya kai su kwanciya a asibiti, wajen mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ake ganin jini a jikinsa. Haka lissafin ya fito a annobar Ebola ta Afirka ta Yamma, wadda ta kama mutum sama da 28,000 ta kashe sama da 11,000 tsakanin 2014 da 2016. Wanda ya ce sai ya ga jini zai yarda, ya zauna jiran abin da sau da yawa ba ya zuwa, in kuma ya zo, a makare yake zuwa.

Matarsa ce ta ba mu tarihin ciwon, tana tsaye bayan igiyar da muka gitta, tazarar mita biyu tsakaninmu. Kwana na ɗaya da na biyu babu wani abin a zo a gani: ɗan ɗumin jiki, kasala, abinci ya fita ransa. Har wurin aiki ya je. Haka Lassa take, sanɗa take yi. Marburg da zazzaɓin Kirimiya kan faɗo wa mutum farat ɗaya, har yakan iya faɗa maka lokacin da abin ya same shi, amma mai Lassa in ka tambaye shi ranar da ta fara sai an yi ta lissafi da yatsu. Kafin wannan rana ma ƙwayar ta riga ta yi mako ɗaya zuwa uku a jikinsa shiru. Asalinta wani ɓera ne mai nonuwa da yawa, wanda shi ba ta yi masa komai, yana dai zubar da ita a fitsarinsa da kashinsa. Mutum yakan ɗauka ta abinci ko kwanon da ɓeran ya ɓata, ko ta ƙurar da aka share, ko ta jini da ruwan jikin wanda ya riga ya kamu.

A kwana na uku zazzaɓin ya yi ƙarfi, ciwon kai ya zo, ƙugu da gaɓoɓi suka ɗauka. Aka kai shi wani ƙaramin asibiti, aka yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, gwajin kuwa ya nuna akwai. A nan tarkon yake. A inda sauro ya yi yawa, mutum na iya ɗauke da ƙwayar maleriya a jininsa alhali wani abu dabam ne ya kwantar da shi. Ba laifi ba ne a ba shi maganin maleriya, dole ma a ba shi. Laifin shi ne a rufe katin a nan. Ya shanye maganin na kwana uku cif, zazzaɓin ko gezau. Sai aka ce taifot ce, aka koma allurai. Ƙa'idar da ake koya mana ba ta da wuyar riƙewa: zazzaɓin da ya kai digiri 38 ko sama, aka yi masa maganin maleriya da na kashe ƙwayoyin cuta, sa'o'i 48 zuwa 72 suka wuce bai sauka ba, to a kawo Lassa cikin lissafi, musamman daga Disamba zuwa Afrilu, lokacin da ta fi tashi a jihohi irin su Edo, Ondo, Bauchi, Taraba da Ebonyi.

Da na tambayi matar batun maƙogwaro, sai ta ɗaga kai da sauri. "Wallahi tun kwana na huɗu ko yawu ba ya iya haɗiyewa, sai dai ya tofar a kofi." Wannan kofin yawu na gefen gado alama ce da ba na wasa da ita. Ciwon maƙogwaron Lassa ba irin na mura ba ne. In ka haska da tocila za ka ga can ciki ya yi jajir, wani lokaci da fararen tabo ko ƙananan gyambo a kan 'yan wuya, wanda hakan ke sa a ɗauka ciwon 'yan wuya ne kawai a rubuta magani a sallami mutum. Tare da shi akwai ciwo a bayan ƙashin ƙirji, mara lafiya yakan ɗora tafin hannu a tsakiyar ƙirjin ya ce nan ne, da busasshen tari, da jan ido marar kwantsa. Wata alamar kuwa sai an nema: furotin a fitsari. Tsinken gwaji ɗaya, minti ɗaya, ya isa ya nuna. Zazzaɓi, maƙogwaro, ciwon bayan ƙirji da furotin a fitsari, in suka haɗu a jikin mutum ɗaya, ba a jiran na biyar. Shi wannan bawan Allah babu wanda ya tsoma tsinke a fitsarinsa sai da ya zo wurinmu.

Kwana na biyar da na shida amai da gudawa da ciwon ciki suka shigo. Ƙanwarsa ce ke kwashe aman tana wanke tsummokaran da hannunta, ba safa. Na rubuta sunanta a takardar waɗanda za a bi.

Ya kamata a faɗi gaskiya a nan don kada tsoro ya yi yawa: kusan mutum 80 cikin 100 da ƙwayar Lassa ta shiga jikinsu ba sa wuce wannan mataki, wasu ma ba sa sanin sun yi. In aka haɗa kowa da kowa, wajen mutum ɗaya cikin 100 ke mutuwa. Amma cikin waɗanda ta kwantar a asibiti da tsanani, adadin yakan kai 15 cikin 100, wani lokaci ya haura. Mako na biyu ne ke raba hanya. Mai warkewa, zazzaɓinsa yakan fara sauka wajen kwana na takwas zuwa na goma. Wanda ba haka ba, sai kumburi.

Kumburin nan na fuska da wuya, ba tare da ƙafafu sun kumbura ba, shi ne ke gaya maka abin da ke faruwa a ciki. Ƙwayar tana fara kama ƙwayoyin garkuwar jiki, su ne ma ke yawo da ita zuwa hanta da saifa da sauran gaɓoɓi. Daga nan ƙananan jijiyoyin jini, waɗanda suka fi gashi siranta, sai bangonsu ya saki, su fara tsattsafo kamar sabuwar randa. Jinin ba ya fita waje inda ido zai gani. Ruwan cikinsa ne ke tsiyayewa zuwa cikin nama, cikin kogon ƙirji, kewayen zuciya da cikin ciki. Sai ka ga mutum a kumbure da ruwa, amma jijiyoyinsa a bushe. Awon jini ya faɗi, zuciya ta hau gudu don ta cike giɓi, tafin hannu ya yi sanyi, ƙoda ta rasa jinin da za ta tace. Wannan shi ke kisa. Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa: 'yan uwa suna duba hanci da baki, ita kuwa cutar tana can tana cin ƙoda.

Da muka karɓe shi, zafin jikinsa 39.4, awon jini 85 bisa 50, bugun zuciya 124 a minti. Likita ya saurari ƙirjin, ƙasan huhun dama shiru, alamar ruwa ya taru. Aka ɗebi jini aka rufe shi rufi uku, kwalba cikin gwangwani cikin akwati, aka aika ɗakin gwajin PCR, wato gwajin da ke gano ƙwayar a jini. Ba mu jira sakamako ba kafin a fara ribabirin, maganin da ake bai wa masu Lassa, domin kowace rana da ta wuce asara ce. Binciken da aka yi a Saliyo aka buga a 1986 ya nuna cewa cikin marasa lafiyar da sinadarin hantarsu na AST ya kai 150 ko sama, 55 cikin 100 ne suka mutu ba tare da maganin ba, amma waɗanda aka fara yi wa shi ta jijiya cikin kwana shida na farko, 5 cikin 100 ne. Tsohon tsarin bayarwa shi ne miligiram 33 ga kowane kilo na nauyin jiki a karon farko, sai 16 duk sa'a shida na kwana huɗu, sai 8 duk sa'a takwas na kwana shida. Asibitin ƙwararru na Irrua a jihar Edo yana da nasa tsarin na sau ɗaya a rana, shi ma kwana goma. Masana na sake duba ƙarfin hujjar wancan tsohon bincike, ana kuma gwada wasu magunguna, amma abu ɗaya bai canja ba a gefen gado: wanda ya zo da wuri ya fi wanda ya zo a makare samun sauƙi. Shi kuma maganin yana da nasa illa, yana farfasa jajayen ƙwayoyin jini, don haka ana auna yawan jini a kai a kai, wasu har sai an yi musu ƙarin jini.

Abin da ya fi cin lokacinmu ba ribabirin ba ne, ruwa ne. Ƙarin ruwa ga mai jijiyoyi masu yoyo aiki ne na awo da hankali. Ka rage, ƙoda ta mutu. Ka yi yawa, ruwan ya bi ta yoyon ya cika huhu, mutum ya nutse a kan gadonsa. Saboda haka ake sa robar fitsari, ana rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita sa'a bayan sa'a. Babba ya kamata ya yi aƙalla rabin mililita ga kowane kilo a sa'a guda, wato mai kilo 60 ya ba da mililita 30. In yana iya haɗiya, ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, ƙunshi ɗaya a lita ɗaya, kurɓi-kurɓi. Ana duba sukarin jini domin yakan faɗi ba sallama, ana duba gishirin jiki, musamman fotashiyam, wanda gudawa ke zubarwa, ƙodar da ta tsaya kuma ke tarawa har ya tsayar da zuciya. Zazzaɓi da ciwo, farasitamol kaɗai, shi ma da lura in hanta ta taɓu. Asfirin, ibuprofen da diclofenac haramun ne a wannan ɗaki, suna hana jini daskarewa suna kuma ƙara wa ƙoda nauyi. Allurar tsoka ma ana guje mata, domin wurin yakan tara jini. Alluran da aka yi masa kafin ya zo sun bar masa baƙin tabo mai faɗin tafin hannu a ɗuwawu.

Jinin da ƙanensa yake jira ya zo a daren kwana na goma sha ɗaya. Ba wani kwarara ya yi ba. Filastar da ke riƙe da kanula, 'yar robar ƙarin ruwa da ke cikin jijiya, ita ce na ga ta jiƙe, na canja, bayan rabin sa'a ta sake jiƙewa. Na ɗaga leɓensa, dasashin yana tsattsafo, haƙoran sun yi ja-ja. Iyakarsa ke nan. A wasu yakan zo da haɓo, ko baƙin kashi kamar kwalta, ko jini a amai da fitsari, mata kuma ta gaba. A Lassa yawan jinin da ke fita da wuya ya kai na kisa, domin ƙwayoyin da ke daskarar da jini ba ƙarewa suke yi ba, aikinsu ne ke lalacewa. Amfanin ganinsa shi ne ya gaya maka ciwon ya yi nisa. Abin da ya fi tayar mini da hankali a daren nan jakar fitsari ce: cikin sa'a shida bai cika mililita 60 ba, kuma launinsa ya yi duhu. Da asuba hannuwansa suka fara karkarwa, yana kiran sunayen mutanen da ba sa ɗakin. Na ce, "Malam, ka san inda kake?" Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Ruɗewa, karkarwa, jijjiga da doguwar suma, su ne matakin ƙarshe, kuma mafi yawan masu mutuwa suna cikawa ne cikin kwana 14 da fara ciwon.

Wankin ƙoda ne ya tsaya masa, da ikon Allah. Sau uku aka ɗora shi a kan injin. A irin Lassar da ake gani a Najeriya lalacewar ƙoda na cikin manyan abubuwan da ke nuna wanda ke cikin haɗari, shi ya sa cibiyar da ba ta da injin wanki da aka keɓe wa masu wannan cuta take aiki da hannu ɗaya. A kwana na goma sha biyar fitsari ya dawo, da farko kaɗan, daga baya har ya yi yawa sai da muka riƙa mayar masa da ruwan. Kumburin fuska ya sabe. Ya nemi a ba shi ruwa da bakinsa.

A gadon da ke kallon nasa ba haka ta kasance ba. Wata baiwar Allah ce mai cikin wata takwas, ta zo a kwana na bakwai, an ɗauka laulayi ne da maleriya. Ƙwayar Lassa tana son mahaifa ƙwarai, tana taruwa a mabiyiya fiye da ko'ina. A watanni uku na ƙarshen ciki, sama da kashi 80 cikin 100 ana rasa ɗan, ko uwar, ko duka biyun. Tun zuwanta ba a ji bugun zuciyar ɗan ba. Fitar da abin da ke cikin mahaifa yakan ƙara wa uwa damar tsira, aka yi hakan, amma jinin bai tsaya ba, ta cika kafin wayewar gari. Allah ya jiƙanta. Duk mai ciki da zazzaɓinta ya ƙi jin magani, ko ta yi ɓari cikin zazzaɓi, a wajena ta cancanci gwaji, kuma mai karɓar haihuwarta ya rufe jikinsa ruf. Jarirai ma suna da nasu salo: kumburin jiki gaba ɗaya, cikin ya tashi, ga jini.

Batun rufe jiki ba tsoro ba ne, tarihi ne ya koyar. Cutar ta samo sunanta daga garin Lassa na jihar Borno, inda ma'aikaciyar jinya Laura Wine ta kamu a 1969. Aka kai ta Jos, ta rasu, wadda ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, ita ma ta bi ta, ta ukunsu Penny Pinneo ce ta tsira. A shekarar da ta biyo baya Dakta Jeanette Troup ta yanke a yatsa tana binciken gawa a Jos, ta kamu ta rasu. A 2014 Dakta Stella Adadevoh ta hana mai Ebolar da ya sauka a Legas fita daga asibiti, cutar ta tsaya a kan mutum 20, takwas suka mutu, har da ita. Saboda irin waɗannan muke sa safar hannu biyu, riga marar shan ruwa, takunkumi, tabarau da takalmin roba. Ruwan kilorin kashi biyu ne: mai ƙarfin 0.5 cikin 100 na amai da jini da ƙasa da gado, mai 0.05 na hannu. Kuskure ya fi faruwa wajen cirewa, ba wajen sawa ba, lokacin da mutum ya gaji, gumi ya cika masa ido, hannu ya kai fuska bai sani ba. Shi ya sa ba a cirewa sai wani yana tsaye yana kallo yana faɗin mataki bayan mataki. Gawa ma tana ɗauke da ƙwayar, a Ebola ma lokacin ne ta fi yawa.

Sauran 'yan rukunin kowace da inda take ɓoye tarkonta. Ebola takan fara da kwanakin da muke kira busassu, zazzaɓi da ciwon jiki da gajiya mai kayar da ƙato, sannan jiƙaƙƙu, amai da gudawar da kan kai lita biyar zuwa goma a rana. Rashin ruwa ne ke kashe da yawa, shaƙuwa kuma in ta zo alama ce marar kyau. Ita yanzu nau'inta na Zayar yana da rigakafi da magunguna biyu da aka amince da su. Marburg, wadda aka fara gani a Jamus da Belgired a 1967, tana sa fuska ta zama kamar ta fatalwa, idanu a zurme, masu mutuwa kuma sukan cika a kwana na takwas ko na tara. Zazzaɓin Kirimiya da Kwango, wanda kaska da jinin dabba ke kawowa, shi ne ya fi cancantar sunan, domin yana shimfiɗa manyan baƙaƙen tabo a fata, kuma mara lafiya yakan fara da fushi da ruɗewa kafin barci ya danne shi.

Biyu daga cikinsu kuwa da alamar samun sauƙi suke yaudara. Mai shawara yakan ji garau bayan kwana uku ko huɗu, har ya tashi zaune, sai cikin sa'o'i 24 zazzaɓin ya dawo wa wasu, ido ya yi rawaya, baƙin amai ya biyo, rabin waɗanda suka shiga wannan mataki su mutu cikin kwana 7 zuwa 10, alhali allurar rigakafi ɗaya tak tana kare mutum tsawon rayuwa. Dengi ma haka: haɗarin yana zuwa ne daidai lokacin da zazzaɓin ya sauka, tsakanin kwana na uku da na bakwai, jijiyoyi su yi yoyo na sa'o'i 24 zuwa 48. Matsanancin ciwon ciki, amai ba tsayawa, jini a dasashi, rashin natsuwa ko mutuwar jiki a wannan lokaci, ba sauƙi ba ne, a koma asibiti. Rawayar ido kuma tana taimakawa wajen rarrabewa, domin a Lassa ba kasafai ake ganin ta ba.

Mutum goma sha ɗaya muka rubuta a gidansa, kowa da ma'aunin zafi, safe da yamma, kwana 21 daga ranar da ya taɓa shi ta ƙarshe. Ba a tsare su ba, wanda ba shi da alama ba ya yaɗa cutar. A rana ta bakwai da fara bin su, ƙanwar nan mai wankin tsumma ta auna ta ga 38.2. Ba ta da ciwon maƙogwaro, ba ta amai, da ƙafarta ta shigo tana cewa, "Anti, ni fa lafiyata ƙalau, ɗan ciwon kai ne." Gwajin ya tabbatar. Da ma bai nuna ba, da an maimaita bayan kwana uku, domin a farkon ciwo ƙwayar kan yi ƙaranci a jini. Aka fara mata magani a kwana na biyu na zazzaɓinta. Fuskarta ba ta kumbura ba, fitsarinta bai ragu ba, ta gama kwana gomanta ta koma gida kafin yayanta. Mai yiwuwa da ma tana cikin masu sauƙin nan 80, amma ba wanda zai so a gwada hakan a jikin 'yar uwarsa. Sauran goman suka cika kwana 21 lafiya.

Shi sai da ya yi kwana ashirin da uku a wurinmu. Ba a sallama sai zazzaɓi ya tafi, gwaji ya dawo babu ƙwayar a jini. Duk da haka tana iya zama a fitsari na mako uku zuwa tara, a maniyyi kuma har wata uku, don haka likita ya zaunar da shi da matarsa ya yi musu bayani a fili: a ƙaurace, ko a yi amfani da kwaroron roba, har wa'adin ya cika. Aka gaya musu gashi na iya zubewa ya sake fitowa, tafiya na iya yin tangaɗi na wani lokaci, gajiya kuma sai a hankali. Lassa har yanzu ba ta da rigakafin da aka amince da shi, ana kan gwaji.

Abin da ba su shirya masa ba kunne ne. Kwana biyu kafin sallama ya ce yana jin ƙara kamar ta gyare a kunnen dama, washegari ƙarar ta tafi, jin ma ya tafi da ita. Wajen mutum ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka tsira daga Lassa suna samun kurumta, kunne ɗaya ko biyu, kuma abin bai danganta da tsananin ciwon ba, har wanda ya yi mai sauƙi yana iya samu. Yakan zo ne a lokacin murmurewa, ana tsaka da murna. Rabin su jin yakan ɗan dawo cikin wata ɗaya zuwa uku, sauran kuwa shi ke nan. Ribabirin ba ya hana shi. Ita ƙanwar sai da muka gwada nata kunnuwan sau biyu, lafiya lau.

Bayan wata uku ya dawo ganin likita. Ya yi ƙiba, gashin ya fito, gwajin ƙoda ya kusa komawa daidai. Na tsaya a bayansa na murza yatsuna kusa da kunnen hagu, ya ɗaga hannu. Na koma na dama na murza, ya ci gaba da kallon bango. Na zagayo gabansa na ce, "Malam, yaya jirin, yana nan?" Bai amsa ba, sai ya juya wajen matarsa, wadda ta riga ta ja kujerarta ta zauna a hagunsa. Ta sunkuya ta maimaita masa tambayar a kunne. Ya ce, "Jiri ya tafi, Malama. Wannan ɗin ne dai har yanzu shiru."